Hannu Ɗaya da Jinka

Shekara talatin ina gini, ni Nomau ɗan Filibus,
daga ƙauyenmu na hanyar Batsari har cikin Ƙofar Guga.
Na kwaɓa ƙasa da ƙafa, na cura tubali da hannu,
na ɗora azara kan katangar da ta ninka tsawona uku.
In aka ce wa zai hau, ba na jira a dube ni.
Addu'ata ta safe gajeriya ce a lokacin,
irin gaisuwar wanda ya hango motar kasuwa za ta tashi.

Wata Talata, ana gab da yankan gero,
ludayin koko ya suɓuce daga hannuna na dama.
Na sunkuya in ɗauka, ƙasa ta taso ta tare ni.
A asibitin Katsina likita ya ce hawan jini ne,
ɓarin jiki ya shanye.
Damaris ta sayar da tumaki biyu da buhun gyaɗa,
ta dawo da magani a ƙullin da bai cika tafin hannu ba.

Ba zan ɓoye ba, na yi fushi da Ubangiji.
Wata huɗu ban taka majami'a ba,
majami'ar da ni na tayar da bangonta.
In an buga tsohon ƙarfen motar nan ran Lahadi
sai in juya ga bango in ja mayafi.
Na ce masa, kai da ka san hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka,
don me ka bar mini ɗaya?
Shiru.
Kaji suka ci gaba da tono a tsakar gida.

Da damina ta dawo,
ƙwayar duman da jikana Kefas ya jefa bayan rumbu ta tsiro.
Abu ba ƙashi, ba ƙwari,
yatsu biyu sun isa su tsinke shi.
Kullum ina tabarma ina kallonsa, don ba ni da wani aiki.
Ya lallaɓa ya kama darni,
ya miƙa ya kama jikin rumbu,
kafin kaka yana bisa jinka da 'ya'ya bakwai,
kowanne ya fi kaina girma.
Nauyin nan duka rumbu ke ɗauke da shi.
Ban taɓa jin duma ya koka da rashin ƙashi ba.

Daren nan na yi wa Yesu magana a hankali.
Na ce, na gaji da riƙe kaina, riƙe ni.
Iyakar addu'ar ke nan,
na yi barci har rana ta shigo ta ƙofa.

Hannun bai warke ba.
Yana nan rataye kamar igiyar guga a bakin rijiya.
Wata rana miyar kuka ba mai, ba daddawa,
wata rana maƙwabcina Lawai, in ya dawo daga masallaci,
ya goya ni a babur in duba masa bangon da ya tsage,
a sallame ni da tiyar masara.
Da wannan da waccan duk ina cewa na gode,
kuma ba da baki kawai nake faɗa ba.

Akwai safiyar da hawaye ke zuwa har yanzu,
in na ji yara na jefa tubali sama suna cafewa.
Sai in bar su su zubo.
Can sai in ɗauki sanda da hagu,
Kefas ya shiga ƙarƙashin kafaɗata,
mu nufi majami'a taki ɗaya-ɗaya.
Damaris na gaba da furar fasto
a cikin ɗaya daga ƙoren nan bakwai.