Ƙugiyar Barira

Matakala goma sha tara daga bakin titin Samaru.
Ka bar mai kati a dama, mai awara a hagu,
ka tura ƙofar da ba ta buɗuwa sai da gwiwa.
Nan muke, mu huɗu, da fanka mai tari,
nan muke neman tuwo da zane.

Litinin Hajiya Uwale ta hau tana haki,
da kwalbar yajinta a jaka.
"Tambari nake so. Ja, amma ba ja sosai ba,
irin na attaruhun da ya kwana biyu a shanya."
Mudassir ya jera mata ja kala tara.
Ta ce na farko. Ta ce a'a, na shida.
Ta ce a sa hotonta, a ƙara masa girma,
a ƙara, a ƙara,
har yajin ya raɓe a lungu
kamar baƙon da ba wanda ya gane.

Babban labarin mako: allon Alhaji Ɗanlami ya dawo.
Ƙafa ashirin na leda, bugun Sabon Gari,
an rataya a Kwangila inda kowa ke wucewa:
MUNA SAYAR DA ƘAYA.
Kaya muka nufa.
Huzaifa ne, ɗalibin da ya zo koyon aiki,
ya ji an ce Hausa sai da ƙugiya
ya rataya ta inda ba a aike shi ba.
Kwana uku direbobi na tsayawa
suna tambayar nawa ne mudu.
Muka biya leda, muka ba da haƙuri.
Yaron ya wuni a matakala ta tara,
kunnuwa kamar an ƙone.

Barira ba ta yi dariya ba.
Wata goma sha ɗaya tana kan haruffanta.
Ta gaji da ganin ɗan akwati inda ɗa ya kamata ya tsaya,
ta gaji da baƙaƙen da aka ƙera a nesa,
waɗanda ba su taɓa jin an kira ɓarawo ba.
Ran Asabar takan shiga Birni da fensir,
ta tsaya gaban tsoffin zauruka,
ta kwafi yadda magini ya lanƙwasa laka da yatsa.
In an ɗauke wuta ta koma takarda.
Mu muna zagin janareta, ita tana zaune.

Malam Tanimu na ƙasa, mai burushi,
shekara arba'in yana rubuta bayan manyan motoci,
bai taɓa gaisawa da kwamfuta ba.
Laraba ya hau, yana ƙirga matakala da baki.
Ya kalli ƙugiyarta tsawon shan shayi guda.
Ya ce wuyan ya yi na balbela.
Ya tsoma yatsa a ragowar kofin Mudassir
ya ja tasa a kan tebur.
Kafin ta bushe Barira ta ɗauki hoto.
Ya sauka bai ƙara tari ba.
Yabonsa ke nan, muna sane.

Sauran labari:
Ishaya zai koma Legas ƙarshen wata.
An ninka masa albashi, ba mu da bakin hanawa.
Ya bar mini kujerar da ba ta rawa.
Haya ta hau, tawada ta hau,
mai neman kansila da ya ci bashin fosta dubu
ya faɗi zaɓe, wayarsa ma ta faɗi.
Kullum in an kira, sai a ce wane?

Jiya, a wani shago a Tudun Wada,
tsakanin gishiri da man gyaɗa,
na ga Hajiya Uwale tana murmushi a jikin kwalba.
A ƙarƙashin haɓarta, da jan na shida:
YAJI MAI ƊANƊANO,
ƙugiya biyu, wuya daidai.
Wata yarinya tana bin lanƙwasar da farce,
tana haɗa baƙi a hankali, ba ta yi tuntuɓe ba.
Na saya, ko da likita ya hana ni.
Mai shago ya ce, ka san mai yajin?
Na ce ba don ita ba.
Na san mai ƙugiyar ne.