Rumfar Ido

Da gashin kaina ya fara bin mataji
ban yi kuka ba.
Na tara shi a gwangwanin madara,
na tura ƙarƙashin gado.
Shekara sha tara ina yi wa matan Tawa kitso,
daga Wadata har Bilbis,
na san abin da kallabi ke binnewa:
amosani, tabon ƙuruciya, furfurar da ta yi sammako.
Kai ɗaki ne mai ƙyaure,
ƙyalle ɗaya ya ishe shi.

Sai ran wata Laraba, ina alwalar la'asar,
gira ta biyo tafin hannuna
kamar ƙaiƙayin hatsi.

Madubi ya nuna mini wata mata
da ba ta mamaki,
ba ta tambaya, ba ta harara,
goshi fetal kamar fako.

Mai albasa ya ce jika uku.
Na ɗaga abin da babu,
bai rage ko dala ba.
Ɗana Ilu ya fasa tulu,
ya tsaya yana karanta fuskata,
ya rasa ko gudu zai yi ko zama.

Ba wanda ya taɓa faɗa mini
gira indararo ce.
Yanzu zufar bazara kai tsaye take sauka
da gishirinta cikin idona,
masu wucewa su ce, “Haƙuri, Tambara,”
alhali ba kuka nake ba.
Wani sa'in kuma kukan nake.

Alhu, mai sanƙo tun kafin ya kai sadakina,
ya ce, “Ni na mutu ne?”
Na ce, “Hula ta rufa maka asiri.
Dubi taka girar, kamar ciyawar bakin tabki.”

Likitar Yamai ta ce ya yiwu ya dawo, ya yiwu a'a.
Na ce in rabawa za a yi,
a riƙe na kan, na yafe,
a ba ni ƴan tsirarun nan
da ba su cika bakin cokali ba.

Kullum da safe Zuwera ke riƙe mini madubi,
in ja layi biyu da kwalli.
Yau hannuna ya yi rawa,
ta hagu ta ɗara ta dama.
Ta ce, “Inna, kamar tambaya kike yi.”
Na ce bar ta haka nan,
kasuwa za ni.