Yatsan da Ya Karɓi Kuɗina

Injin casar Alhaji Barau, ran wata Laraba,
a fadamar Auyo, bayan la'asar kaɗan,
ya ci hannuna na dama har wuyansa.
Na kai hagu ceto, ya ƙwace uku,
ya bar mini ƙarami da maƙwabcinsa.
Da su nake shan koko, da su nake jan carbi.

Da aka ce gwamnati na rubuta masu nakasa,
Kulu ta wanke mini rigar Juma'a.
Hoto huɗu, takardar likita daga Haɗeja,
sa hannun dagaci, katin ɗan ƙasa,
kowace takarda da kuɗin motarta.
Tunkiyarmu mai ciki ce ta biya.

A sakatariya wani yaro mai tabarau
ya turo mini na'ura mai jan ido.
"Baba, ɗora babban yatsa."
Na ɗora abin da Allah Ya rage.
Ta yi tsuwa, ta ƙi.
"To, dawo Litinin."
Litinin ta haifi Litinin,
gero ya yi kai, aka girbe, aka ɗaure,
ina kan benci ɗaya, har ya san nauyina.

A wata na goma sha ɗaya wani ya buɗe littafi.
"Tanimu Ɗanjuma, Unguwar Masunta?
Ai kana karɓa, wata tara ke nan.
Ga sunanka, ga dangwalenka."
Na leƙa. Yatsa ne ƙosasshe,
zanensa reras kamar kunyar gona.
Na ce, "Yallaɓai, a gaishe mini da mai shi.
Nawa tun tuni yana ƙarƙashin ƙasa."
Suka yi dariya. Ni ma na yi,
don kada in yi ɗayan a gabansu.

Ɗanliti mai shayi ne ya ce a Dutse
akwai lauyoyin da ba sa karɓar ko sisi.
Na ce, lauya kyauta? Sai ka ce kura da azumi.
Amma wanda ruwa ya ci ba ya zaɓen reshe.

Barista Sahura sunanta, siririya, mura take.
Ba ta ce "Allah sarki" ba, kuma na gode.
Ta ce, "Wace rana? Wa ka samu? Ina rasit?"
Kulu ta zazzage gwangwanin madara a tebur,
duk wata 'yar takarda tana ciki,
har wadda ɓera ya ɗanɗana.
Ta rubuta wasiƙa, ta karanta mini da Hausa,
ta ce, "Malam, daina cewa a taimaka.
Bashi kake bi."

Sau biyu ba su amsa ba. Na uku ta zo da kanta,
ƙurar hanya har gashin idonta.
Ta ajiye hoton dangwalen a gaban shugaba,
ta ɗauki hannuna ta ajiye kusa da shi.
Ba ta ƙara ko kalma ba.
Sai fanka ke magana a ofishin.

Wata huɗu suka biya. Biyar, wai ana bincike.
Mai yatsan kuwa ban san shi ba har yau,
wataƙila sahu ɗaya muke a Idi.
Sahura ta ce fayil bai rufu ba.

Da aka zo sa hannu, yaron ya rasa ta cewa.
Ta ce, "Cire takalmi."
Shi ya durƙusa ya shafa tawada
a babban yatsan ƙafata, ya danna a takarda.

Kwana uku ina alwala, shuɗin bai fita ba.
Ban dirje shi sosai ba, gaskiya.