Garmar Sajan Nomau

Ranar kasuwar Zuru ya shigo maƙerata.
Ban shaida shi ba sai da ya yi dariya,
wushiryar na nan inda na santa.
Nomau! Shekara ashirin da biyu
tun da motar soja ta kwashe ku a filin makaranta,
kai da Ɗantani da Bagudu na gidan Manga.
Kai kaɗai ka dawo da ƙafafunka,
ta hagun ma jan ƙasa take.

Ya ce, "Gado, garma nake so,
mara nauyi, kafaɗar ba ta jiya ba ce."
Yara suka kama zugazugi, ƙarfe ya yi ja,
na ɗaga masaba, bugu ɗaya tak,
sai ga Sajan rub da ciki a cikin gawayi,
hannu biyu bisa ƙeya.
Yaran suka tuntsire. Na watsa musu ido,
dariyar ta mutu a maƙogwaro.
Ya tashi yana kakkaɓe riga,
ya ce, "Tuntuɓe ne."
Na ce, "Ai wurin nan akwai gargada."

Mutumin da muka yi golmo tare ke nan,
wanda kan kai ƙarshen kuyya ya zauna
yana jiranmu, yana mana waƙar raggo.

Tabawa ta ce ba ya kwana a gado.
Kujera yake ja ya fuskanci ƙofa,
ko akuya ta taɓa dangar kara ya miƙe.
Lambobin yabo suna gwangwanin madara
tare da allura da maɓallai.
Takardun fansho kuwa suna cikin leda,
sun yi tafiya har sun fi direba sanin hanya:
je ka dawo, a kawo hoto, ba a ga fayil ba.

Duk shekara akwai ranar tunawa,
a busa bigila, a saki tattabaru,
a yi shiru na minti guda don waɗanda suka kwanta.
Na yarda, sun cancanta.
To wanda bai kwanta ba fa,
wanda yaƙin ya biyo shi har ɗaki?
Mukan ce "Sajan!" mu ƙame masa a bakin hanya,
mu wuce. Sara ba ta share saura,
gonarsa kuwa sabara ta cinye ta har iyaka.

Da ya dawo karɓar garma ban gama ba,
da gangan.
Na riƙe awartaki, na miƙa masa masaba,
na ce, "Hannuna ya sage, taimaka mini."
Ya dube ni. Ya san ƙarya nake.
Bugun farko ya runtse ido,
na biyu leɓensa ya yi rawa,
kafin na goma yana bin zuga da kafaɗa.
Ashe ƙarar da hannunka ya haifa
ba ta kai ka ƙasa.

Da ruwan shuka ya sauka na bi gida gida,
ban yi wa'azi ba, gayya na kira.
Mutum goma sha tara suka zo,
har da ƙanen Bagudu, wanda bai ce uffan ba,
ya dai kama kuyyar da ke kusa da ta Nomau.
Makaɗi ya saki gangar noma a gindin dutse,
Sajan ya ja layi ya miƙe sak kamar fareti,
na biyu ya karkace, ya tsaya yana haki,
ba wanda ya yi masa waƙar raggo.

Bayan azahar, mun sha kunu a inuwar ɗorawa,
na juya zan ce masa wani abu,
sai na tarar barci ya sace shi,
baki buɗe, garma a kan cinya,
bayansa ga hanya.

Makaɗi ya ɗaga gula zai mayar da mu aiki.
Na kama hannunsa.
Ranar nan da shiru muka ƙarasa gonar.