Layin Dare

Ƙarfe biyun dare a Manila, ruwa na dukan tagar ofis.
Ni da fanka mai gurnani, da shayin da ya huce tun ɗazu.
A Kuwait tara ta yi, an kife tukwane,
masu gida na gaban talabijin,
lokacin da 'yar aiki ke samun sararin kuka.

Waya ta yi ƙara.
"Ofishin kula da ma'aikatanmu na ƙetare. Editha ce, ina ji."

Murya ƙasa-ƙasa, kamar mai tsoron kada bango ya farka.
Nenita Balderama, mutuniyar Antique,
wata bakwai ba ta ga ƙwandala ba.
Fasfonta na durowa, durowa a kulle,
makulli a jakar uwar gida.
Daga banɗaki take magana,
ta saki famfo don ruwa ya rufa mata asiri.

Na nemi lambar kwantiragi, haka takardar gabana ta ce.
Ba ta sani ba. Sunan unguwa? Ba ta taɓa fita ba.
To me kike hange ta taga?
"Kantin magani mai koriyar fitila,
da tankin ruwa, da wata kyanwa mai ido ɗaya."
Na rubuta duka, har da kyanwar.
Gobe jami'inmu na can zai bi titi-titi
yana neman koren haske a garin da ya cika da shi.

Ban ce mata ta yi haƙuri ba.
Kalmar ta suɗe a bakina kamar tsohon sabulu.
Shekara shida na yi ina goge tayil a Jidda,
na san yadda haƙuri ke ɗaci in mai albashi ne ya ba ka shi.

Ƙarfe uku, Efren Tagle daga cikin teku.
Mai jirgi ya karye, ya kashe wayarsa,
su goma sha ɗaya a kan ƙarfe mai tsatsa,
ga gari suna gani, ba izinin taka ƙasa.
Shinkafa ta kwana huɗu ta rage.
Ya yi dariya ya ce kifi ma ya gane ƙugiyarsu.
Na ba shi lambar ƙara mai tsawo,
ya maimaita ta sau biyu kamar addu'a.

A filin jirgi an rubuta jarumai da manyan baƙaƙe.
A nan kuwa jarumi layi ne a cikin rajista,
ja in da gaggawa, shuɗi in zai iya jira.
Ni ke zaɓen biro.

Gab da asuba sai ga wata 'yar murya, ba daga nesa ba,
daga Iloilo, ina jin zakara a bayanta.
Ta ce sunanta Luningning, shekararta takwas,
ta ga lambar a takardar da kakarta ta liƙa jikin firij.
"Nan ne kuke ajiye uwaye?"

Na duba allon gabana, gida-gida ne na cikewa:
suna, ƙasa, irin matsala.
Babu gidan da zai ɗauki wannan.

"Ba mu ajiye su, 'yata. Ƙirga su muke yi."
"To tawa ta nawa ce?"
Ta ce ranar Juma'a za a ba ta kyautar lissafi a makaranta,
in da hali a ara mata ita kwana ɗaya, za ta mayar.

Na tuna ɗana, ranar da na dawo da akwati uku,
ya ɓuya bayan ƙafar uwata yana leƙen baƙuwa.

Na karɓi sunan uwar, Rosalinda, mai raino a Hong Kong.
Ba ta kawo ƙara ba, ba wanda ya dake ta,
albashinta na zuwa kan kari.
A dokar aikinmu, lafiyarta ƙalau.

Ruwa ya ɗauke. Mai karɓa ta ya shigo yana karkaɗe lema.
Na ɗauki jan biro.