Iyakar Korama

Ni Barmo, maƙeri ɗan maƙeri a birnin Zindar,
rumfata na jingine da dutsen bayan ganuwa.
Da safe in narka tagulla in zuba igwa,
da yamma in lanƙwasa mari, zobe biyu, ƙafa biyu.
Wutar ɗaya ce. Ba ta taɓa tambayata ba.

Shekarar da Damagaram ta yi ƙiba,
gari bakwai suka shigo hannu kafin a yanke gero,
aka rasa sunan da za a kira mutanensu:
talakawa ne, ko kaya?

Fada ta tsage kamar goro.
Malam Cillum ya dogara sanda ya miƙe,
ya ce, “Na kwana a can, na ji kiran asuba.
Wanda ya kawo gaisuwa, ya fid da zakka,
da wane littafi za ku yi masa kuɗi?”
Madugu Agali na Zango bai ɗaga murya ba.
Ya ce, “Albarushi ba ya tsirowa a fadama.
Bindiga ɗari na hanyar Agadas, duk bashi ne,
masu ita kuwa ba a biyansu da fatiha.
Ganuwar da kake barci a cikinta, Malam,
kan wa ya ɗauko ƙasarta?”

Kwana tara ana ja, ba a tsinke ba.
A na goma aka kawo sulhu:
Korama ce iyaka.
Na arewa da ruwa ɗa ne, kada a taɓa,
na kudu rabon mashi.
Aka shafa, aka watse,
kowa ya shiga gida yana cewa shi ya ci.

Ba wanda ya shawarci Korama.
Rani ya yi, ta ƙafe, ta bar yashi.
Damina ta yi, ta sake makwanci,
gari ya kwana a arewa ya wayi gari a kudu.
Ashe iyaka ma tana da ƙafa:
duk sanda bashi ya nuna
sai ta matso.

Ran Alhamis aka jero mini mutum goma sha ɗaya.
Na bakwai ya miƙo ƙafa tun ban ce ba.
Na ɗaga kai, sai ga aska uku-uku a kunci,
irin ta gidan kakata.
Ya ce sunansa Anaruwa,
bara gonarsa tana arewa da ruwa.
Ya ce, “Maƙeri, sassauta na hagu, akwai miki.”
Na sassauta.
Iyakar alherina ke nan a duniya:
na sassauta, sannan na buga ƙusa.

Yanzu Juma'a biyu ake yi a gari ɗaya.
Majema sun bi Malam, fatake sun bi Zango,
masaƙa na jiran su ga inda rinjaye zai faɗa.
A gidan Kaigama wa da ƙane
sun ja katanga ta tsakar gida,
rijiyar ubansu ta faɗa gefe guda.
Ko sallama sai an duba bakin mai yin ta.

Daren jiya sau biyu aka buga mini ƙyaure.
Na fari ya ce, kan mashi ɗari biyu, kada kowa ya ji.
Na biyu ya ce, kan mashi ɗari biyu, kada kowa ya ji.
Ban ji an ce Kano ta taso ba,
ban ji ƙurar Barno ba.
Duka biyun na san iyayensu,
ni na ƙera askar da aka yi musu suna da ita.

Jatau mai zuga, wanda ni ma sayensa na yi
da wuri zambar ashirin da tsohuwar riga,
ya dube ni ta cikin hayaƙi.
Ya ce, “Baba, na wa za mu fara?”
Na ce, zuga.

Da gari ya waye na hau dutse shan iska.
Igwar da na zuba bara tana nan bisa ganuwa,
sai dai wani ya juya ta cikin dare.
Bakinta yana kallon gari.