Baƙuwa a Ɗakin Inna

Nomau ne ya aiko ta daga Birnin Kabi,
cikin kwali, a bayan motar Ɗan'ige.
Fara sol, tsayinta bai wuce turmi ba,
jikinta duk huji kamar rariya,
da ido guda mai sauya launi.
Ya ce a waya: ku ajiye ta kusa da gadon Inna,
aikinta ta sha hayaƙi.

Inna Tumba ta kewaye ta sau biyu.
Ta ce, "Wagga aba, mi taka ci?"
Na ce, wuta.
Ta ce, "Ashe mun yi baƙuwa mai azumi,
yau kwana shida rabonmu da ita."
Ta ciro mayafinta na zuwa suna
ta lulluɓe ta, kada ta yi baƙi.

Shekara arba'in Inna na banda.
Tarwaɗa, ƙarfasa, kurungu,
duk abin da Matan Fada ta bayar da safe
kafin la'asar ya hau raga,
ɗanyen ice a ƙasa, ɓuntun shinkafa a kai.
In damina ta sauka, murhu ya koma ciki.
Da wannan hayaƙin Nomau ya yi karatu,
da shi aka saya mini keken ɗinki.

Ranar da likita ya ɗaga hoton ƙirjinta
ya kara shi da hasken taga,
ban san karatun hoto ba,
amma na gane kunkunniyar rufin ɗaki.

Mun aro injin Maidamma mai aski,
muka girke shi a bakin ƙofa.
Ya yi tari, baƙuwa ta farka,
idonta ya yi ja kamar garwashi.
Iska ta juyo da warin fetur har kan gado.
Inna ta ce, "Kun sawo hayaƙi da kuɗi
don ku kori na banza?"
Muka ja shi bayan rumbu, ba wanda ya buɗe baki.

Ba ta da kara, baƙuwar nan.
Maganin sauro, ta yi ja.
Fitilar kwai, ta yi ja.
Har turaren wutan da Inna ta haɗa da hannunta.
"Ba ta san ƙamshi ba," in ji Inna, da tsaki.

Amma akwai daren da wuta ta zo ƙarfe biyu.
Ina kwance ina ƙirga tarin Inna,
yadda na saba, kamar mai jan carbi.
Idon ya bar ja, ya koma ruwan goro,
can wajen kiran farko ya zama kore.
Na ɓata lissafi.
Na tashi a firgice na kai kunne:
barci take, numfashi na fita da sauƙi.

Wata biyu, na buɗe bayanta in duba matata.
Na san fara ce ta zo.
Inna ta shafa da yatsa, ta kai hanci,
ta ce, "Tarwaɗa."
Ta daɗe tana kallon yatsan.
"Na wata biyu ke nan," ta ce.
Ba ta ƙarasa ba, ta dafa ƙirji,
ta goge yatsan a jiki.

Da safe ta aika a kira Bagudu magini.
Ya fasa bangon gabas, taga biyu,
ya kafa rumfa a gindin dogon yaro,
murhu ya fita, ko ana ruwa.
Ba ta bar banda ba. Da me za a ci?
Tarin ma bai tafi ba, ya dai rage zama.

Jiya na ji ta, ba wuta, tana gyara mayafin:
"Huta, ɗiyata. Ni da ke mun san aiki."